Na Da Da Na Yanzu: Wane Akwatin Gem Ya Fi Ƙarko?

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, a Tambuwal

 



Na san wasu daga cikin iyayenmu malamai sun yi mamaki da suka ga kan wannan jawabi, domin kuwa su ne suka sha kamo wasunmu a shagon gem a lokacin da ya kamata a ce muna bitar karatu. Ina roƙon su yi mini uzuri, akwai dalili. Shawara biyu ce ke gaban wannan taro game da kuɗin da muka tara. Ta farko ita ce a saya wa makaranta kwamfutoci, tun da yake daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Ta biyu kuma a ba wasu ƙannenmu da suka gama karatu ba su sami aiki ba jarin buɗe shagon gem da cajin waya. A kan duka biyun gardama ɗaya ce ta taso. Wasu sun ce a sayi sababbi fil a kwali, wasu kuma sun ce a sayi na hannu, wai kayan da sun fi ƙarko.

Na zaɓi in yi bayani da akwatin gem ne saboda shi ma kwamfuta ce ƙarama, ana kuma wahalar da shi fiye da kowace kwamfuta, ga shi an daɗe ana bin diddigin irin lalacewar da yake yi. Abin da ya koya mana zai yi mana amfani a kan shawarwarin biyu.

Kayan Da Sun Fi Ƙarko?

Maganar nan ba sabuwa ba ce. Iyayenmu suna yin ta a kan keken Raleigh da keken ɗinki na Singer da mota Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna. Mu ma da muka fara manyanta mun soma yin ta a kan gem. Kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki.

Kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fito da akwatinsa mai suna Famicom a 1983. Kwaikwayonsa ne aka riƙa shigowa da shi ƙasar nan daga Asiya, mai kaset ɗin da ake rubuta masa wai wasa 9999 ne a ciki, alhali kuwa wasanni kaɗan ne ake ta maimaitawa. Sega Mega Drive ya biyo baya a 1988. Waɗannan akwatuna babu wani abu da ke juyawa a cikinsu. Ba fanka, ba faifai, ba mota. Wutar da Famicom ke ci ba ta kai wat 10 ba, saboda haka ba ya wani zafin kirki. To, abin da ba ya motsi kuma ba ya zafi, me zai ci shi? Har ma akwai wani ƙaramin gem na hannu, Game Boy, wanda bam ya ƙona a Yaƙin Tekun Fasha na 1991, jikinsa ya narke amma bai daina aiki ba, aka ajiye shi shekara da shekaru a kantin Nintendo na birnin New York mutane na kallo.

Sai dai kada mu yi saurin yanke hukunci. Idan muka ga dattijo mai shekara 90 yana zuwa gona a Kebbe, wannan ba hujja ba ce cewa mutanen da ba su mutuwa da ƙuruciya. Shi muke gani domin shi ya rage, tsararrakinsa da suka riga mu gidan gaskiya ba su nan balle a ƙirga su. Haka tsohon gem yake. Wanda ya kai yau yana aiki shi ake nunawa ana yabo, dubban da suka mutu kuwa an daɗe da zubar da su a bola ko an sayar wa 'yan gwangwan.

Kuma na dan ma sun yi tasu cutar. Shi kansa Famicom, watanni kaɗan da fitowarsa sai da kamfanin ya janye shi daga kasuwa saboda wani aibi a ƙwaƙwalwarsa. Samfurin da aka kai Amurka a 1985 yana da haƙora 72 a inda kaset ke shiga, waɗanda kan lanƙwashe su yi datti har wasa ya ƙi tashi. Dukkanmu mun tuna yadda ake ciro kaset a hura masa iska da baki. Ashe damshin bakin tsatsa yake jawowa, cirewa da mayarwar ne ke sa ya kama. Bugu da ƙari, kaset ɗin da ke ajiye inda mai wasa ya tsaya yana da ɗan batir a ciki, in ya ƙare komai ya goge. Ga kuma kafasita, wadda in ta tsufa takan zubar da ruwa ta cinye allon na'urar, kamar yadda ya faru da Game Gear na Sega da Xbox na farko wanda ya fito a 2001.

Zuwan Faifai

Babban canji ya zo ne a 1994, lokacin da kamfanin Sony ya fito da PlayStation mai amfani da faifai. Faifai ya fi kaset arha nesa ba kusa ba, ya kuma fi shi ɗaukar kaya, amma ya zo da mota mai juya shi da ido mai karanta shi. Daga nan lalacewa ta sami ƙofa. A samfurin farko, hanyar da idon ke bi ta roba ce, tana kusa da wurin da ke zafi, sai ta riƙa cinyewa. Shi ya sa masu shi a ƙasashe da dama suka riƙa kifa akwatin a kan bayansa don ya karanta.

PlayStation 2 ya fito a shekarar 2000, an kuma sayar da fiye da miliyan 150, babu akwatin da ya kai shi shiga gidaje a zamaninsa. Shi ne mu 'yan wannan tsara muka fi sani, ko a nan gida ko in an je hutu Sakkwato, musamman saboda wasan ƙwallon ƙafa. Shi ma ido ne cutarsa, har masu saye a Amurka suka kai kamfanin ƙara a kan haka. An daina ƙera shi tun wajen 2013, amma har yanzu ana cin abinci da shi a shagunan gem na ƙasar nan. Ina so a riƙe wannan, zan dawo kansa.

Shekarun Zafi

Idan ana neman lokacin da masu cewa na da ya fi suka sami hujja mai ƙarfi, to tsakanin 2005 ne da 2009. Kamfanin Microsoft ya yi gaggawar fito da Xbox 360 a ƙarshen 2005 don ya riga Sony shiga kasuwa. Ba a jima ba sai akwatunan suka fara mutuwa, wata jar fitila ta kewaye makunnin, har Turawa suka yi mata laƙabi da jan zoben mutuwa. Dalilin shi ne zafi. Akwatin yana cin wuta fiye da wat 150, ya yi zafi ya huce, ya yi zafi ya huce, har ɗinkin dalma da ke riƙe da ƙwaƙwalwar hotonsa ya tsage. Kamar yadda tukunyar ƙasa ke yi in ana ɗora ta a wuta ana tsoma ta a ruwan sanyi. A watan Yuli na 2007 kamfanin ya amsa laifi, ya tsawaita garanti zuwa shekara 3, ya kuma ware fiye da dala biliyan 1 don gyara.

A 2009 wani kamfanin garanti na Amurka mai suna SquareTrade ya bi diddigin akwatuna kimanin 16,000 da abokan cinikinsa suka saya. Ya gano cewa a cikin shekara 2 na farko, kashi 23.7 cikin 100 na Xbox 360 sun lalace, na PlayStation 3 kashi 10, na Wii ɗin Nintendo kuwa kashi 2.7 kacal.

Jama'a, ku dubi wannan lissafi da kyau. Akwatunan nan uku tsara ɗaya ne, tsakaninsu bai wuce shekara guda ba. Da a ce zamani ne ke kawo rashin ƙarko, da duk sun lalace daidai wa daida. Abin da ya bambanta su shi ne Wii bai cika ƙarfi ba, wutar da yake ci ba ta wuce wat 20 ba, yayin da sauran biyun ke cin ninkin wannan sau takwas ko fiye. Gaskiya ne masu Wii ba su kai sauran daɗewa a kan wasa ba, amma ko an cire wannan, tazarar tana nan. Ashe ba shekarar haihuwa ce ke kashe na'ura ba, zafi ne da motsi da gaggawar maƙeri.

Na Yanzu Fa?

Kamfanonin sun ɗauki darasi, domin asara ta koya musu. Xbox One na 2013 an yi shi ƙato da babbar fanka. PlayStation 5 na 2020 nauyinsa ya kai kilo 4.5, kuma yawancin girman nasa na kayan sanyaya shi ne. Har wasu ramuka aka yi masa inda ƙura ke taruwa don a zuƙe ta. Kazalika yana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, saɓanin na da, wanda in an kawo shi daga Amurka mai bolt 120 ko Japan mai bolt 100 aka soka shi a wutarmu mai bolt 230, nan take sai hayaƙi. Tun bayan Xbox 360 ba a sake ganin annoba mai girman tasa a jikin akwati ba. Wannan yabo ne da ya kamata a yi wa na yanzu.

Amma cutar ba ta tafi ba, wuri ta sake. Ta fara komawa hannun wasa. Nintendo Switch ya fito a 2017, sai aka ga ɗan sandan da ake juyawa da babban yatsa yana motsa wasa shi kaɗai ba a taɓa shi ba, saboda abin da ke gogayya a cikinsa ya cinye ko ƙura ta shiga. A 2020 sai da shugaban kamfanin, Shuntaro Furukawa, ya fito ya ba da haƙuri. Abin mamaki, Dreamcast na Sega tun a 1998 yana da irin wannan sanda mai aiki da maganaɗisu, wadda ba ta gogayya balle ta cinye. Wato wani lokaci dabarar tana nan, tsimin kuɗi ne ke sa a bar ta.

Sannan akwai wata sabuwar mutuwa da na da ba su sani ba, wato na'ura ta mutu alhali lafiyarta ƙalau. Akwatin yanzu yana jingine da intanet da kantin kamfanin da ya yi shi. Nintendo ya rufe kantin 3DS da Wii U a watan Maris na 2023, Microsoft kuma ya rufe na Xbox 360 a watan Yuli na 2024. Daɗin daɗawa, an koma ɗaure sassan na'ura da junansu, ta yadda in abin karanta faifai ya lalace, ba za ka ciro na wani akwati ka sa kawai ya yi aiki ba. Kaset ɗin 1988 kuwa bai san da wani kamfani ba, in ka soka shi ya tashi, shi ke nan.

A Auna Da Mudun Gida

Duk alƙaluman da na kawo daga ƙasashen sanyi suke, inda wuta ba ta ɗaukewa. Mu namu lissafin daban ne, kuma a nan ne nake so mu fi tsayawa.

Na farko zafi. Takardar da Sony ke sakawa a kwalin PlayStation 4 da 5 ta ce a yi amfani da su a wurin da zafinsa ke tsakanin digiri 5 zuwa 35. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, zafin ƙasar Sakkwato yakan haura digiri 40 a inuwa. To, ina ga shagon kwano da yara goma suka cika? Ke nan wata uku a shekara na'urar tana aiki ne a wajen iyakar da maƙerinta ya yanka mata.

Na biyu ƙura. Akwatin da ba shi da fanka ba ya shaƙar komai. Mai fanka kuwa duk iskar da ya ja a lokacin hunturu da ƙurarta yake ja, ta toshe hanyoyin iska, zafi ya ƙaru, fanka ta yi ta kuka kamar injin niƙa.

Na uku wuta. Daga NEPA zuwa PHCN a 2005, zuwa kamfanonin rarraba wuta a 2013, suna ya canza sau biyu, amma mai shago a Tambuwal ko Kebbe har yau janareta da sola ne madogararsa. Akwatin da ke cin wat 200 ba ɗaya yake da mai cin wat 40 ba a wajen man fetur da batir. Kuma wutar ƙaramin janareta da ke hawa da sauka ita ce ajalin na'urori da yawa.

Na huɗu, wanda ya fi duka, shi ne gyara. Garantin shekara 3 da Microsoft ya bayar bai amfani wanda ya sayi na hannu a kasuwa ba. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato kusan kilomita 100 ne, daga Kebbe ya fi haka. Wani gyaran ma sai an aika Kano ko Legas. Ku tuna na ce a riƙe maganar PlayStation 2. Ba don ba ya lalacewa ya daɗe a shagunanmu ba. Ya daɗe ne don an yi shi da yawa, kayan gyaransa sun cika kasuwa, hannunsa yana da arha, kuma yaron da ya iya gyaran rediyo da waya zai iya buɗe shi. Haka Peugeot 504 ta yi suna. Tana lalacewa, amma kowane bakanike a bakin tasha ya san cikinta.

Saboda haka amsar tambayar da ke kan wannan jawabi ita ce, a wurinmu abin da ya fi ƙarko shi ne wanda in ya faɗi za a iya tashinsa a kusa, da kuɗin da muke iyawa, cikin kwanaki kaɗan. Tsoho ne ko sabo, wannan magana ce ta biyu.

Shawarwari Ga Ƙungiya

Mu da ke aikin gwamnati mun ga yadda ake sayen kaya masu tsada, a yi bikin buɗewa a ɗauki hoto, bayan shekara guda a tarar da su a ɗaki ƙura ta rufe, saboda wani ɗan abu da bai taka kara ya karya ba ya lalace kuma ba a tanadi kuɗin gyara ba. Kada kuɗin da 'yan'uwa suka cire daga albashinsu da ribar kasuwarsu ya bi wannan hanya. Ga abin da nake ba da shawara.

1. Kada a kashe kuɗin duka a kan saye. A ware wani kaso tun farko don gyara da kayan canji, a ajiye shi a asusun ƙungiya. Kwamfuta 15 masu aiki sun fi 20 da rabinsu ke kwance.

2. A fara da wuta da ɗaki kafin na'ura. Sola da batir da sitabilaiza, da ɗaki mai silin da tagogin da ke hana ƙura, su ne gaba. Wanda ya sayi doki bai tanadi turke da harawa ba, wahala ya saya.

3. A sayi iri ɗaya, wanda ya yawaita a kasuwannin Sakkwato da Kano, domin in ɗaya ta mutu a ciri kayanta a tashi wata. A fifita masu cin wuta kaɗan, tun da koyon jarrabawa ba ya bukatar na'ura mai ƙarfin gaske.

4. In na hannu za a saya, a duba shekarunsa da idon basira. Microsoft ya sanya 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su ɗaukar Windows 11. Araha ba ta ado. A tafi da wanda ya san abin, a kunna kowace a gwada kafin a biya.

5. Ga ƙannenmu masu shagon gem, kada su zuba jarin duka a kan akwati ɗaya mai tsada, wanda ranar da ya tsaya kasuwa ta tsaya. Su tanadi hannun wasa fiye da bukata, domin shi ke fara mutuwa. Su karanta abin da aka rubuta a jikin na'ura game da wuta kafin su soka. Su ɗora akwati a kan tebur inda iska ke ratsawa, kada su lulluɓe shi yana aiki, su rufe shi in an kashe. Su kashe komai kafin a canza daga wutar gari zuwa janareta.

6. A ɗauki nauyin yaro ɗaya ko biyu daga Tambuwal da Kebbe su je su koyi gyaran waɗannan na'urori. A ganina wannan ya fi kowace shawara riba, domin shi ne garantin da ba ya ƙarewa, ga kuma sana'a an ba ɗan'uwa.

Kafin in zauna, dole in kwantar wa iyayenmu malamai da hankali. Duk wanda ƙungiya za ta ba jari, a yi yarjejeniya da shi a rubuce cewa ba ɗalibi a shagonsa a lokacin makaranta ko na Islamiyya, za a rufe in an kira salla, kuma ba caca ko ta sisin kwabo. Wanda ya saɓa, a karɓe kayan a ba wani. Tarbiyyar da kuka ba mu ba za mu sayar da ita don kuɗin wasa ba.